Zauren Ruwan da Ya Raba Niyu Oliyans Gida Biyu

A birnin Niyu Oliyans na ƙasar Amurka akwai wani gini na kankare da ƙarfe da aka yi bikin buɗe shi a ranar 5 ga Mayu, 1923, kuma har yau yana bakin aiki dare da rana. Tun 1956 Majalisar Dokokin ƙasar ta ba da izinin a gina magajinsa. Shugabanni sun hau sun sauka, an zana taswira an sake zanawa, an je kotu an dawo, mahaukaciyar guguwa ta nutsar da unguwar da ke maƙwabtaka da shi har sau biyu, amma tsohon yana nan daram. Tsawonsa ƙafa 640, faɗinsa ƙafa 75, zurfinsa ƙafa 31 da rabi. Ta wannan 'yar kafa ce jiragen dakon da suka taso daga jihar Teksas ko suka gangaro kogin Misisipi suke bi in suna son isa gabas, wajen Alabama da Fulorida, ba tare da sun fita tsakiyar teku ba.

Turawa na kiran irin wannan gini lok. Mu a nan za mu kira shi zauren ruwa, domin ba mu ga abin da ya fi kama da shi kamar zauren gida ba: ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki, baƙo ya tsaya a tsakani har a yi masa iso. A ce ruwa biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya tudu, ana son jirgi ya tashi daga na ƙasa ya koma na sama. Sai a buɗe ƙofar ƙasa jirgin ya shiga, a rufe a bayansa. Daga nan a buɗe wasu kafofi da ke cikin bango, ruwan sama ya riƙa kwararowa cikin zauren, jirgin yana ɗagawa a hankali har ruwan ciki ya yi daidai da na gaba. Sai a buɗe ƙofar sama ya wuce abinsa. Mai saukowa kuma a zubar da ruwan zauren har ya daidaita da na ƙasa. Babu famfon da ke ɗaga komai. Halin ruwa na neman gangare shi ke ɗaukar jirgi mai nauyin dubban tan.

Dabarar tsohuwa ce. Tarihin ƙasar Sin ya danganta ta ga wani jami'in gwamnati mai suna Qiao Weiyue, wanda ya gina zaure mai ƙofa biyu a kan babban mashigin ruwan ƙasar a shekarar 984, bayan ya gaji da yadda jiragen hatsi ke farfashewa in ana jan su da igiya a kan gangare. Ƙarnoni bayan haka, a Italiya, aka ƙaro irin ƙyauren da ake yawan jingina shi ga Leonardo da Vinci: ƙyaure biyu da ke haɗuwa a tsakiya su yi tsini, tsinin yana fuskantar ɓangaren da ruwa ya fi yawa. Iya dannowar ruwa, iya matsewar ƙyauren. Ko ƙato goma ba za su iya buɗe shi ba sai ruwan gaba da na baya sun daidaita. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna da wani abu da mu ma muke kira lok, wanda aikinsa shi ne hana ayyuka biyu taɓa bayani guda a lokaci guda, kuma mukan kwana muna farautar inda ya kuɓuce. Shi ya sa wannan ƙyaure yake ba mu sha'awa har da ɗan kishi: kariyarsa a cikin siffarsa take, ba ta jiran wani ya tuna. Kuma ba abin nesa ba ne kamar yadda mai karatu zai zata, don a jikin madatsar ruwan Kainji ma an gina irin wannan zaure saboda jirage.

To, me zai kawo zauren ruwa a bakin teku, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai? Amsar tana cikin tarihin hanyar da zauren yake kai.

A 1808 Albert Gallatin, sakataren baitulmalin Amurka, ya miƙa wa majalisa rahoto kan tituna da hanyoyin ruwa. Ya lura cewa gaɓar tekun ƙasar cike take da tafkuna da lungunan ruwa da tsibirai suka yi wa garkuwa, in aka haƙa 'yan mashigai aka haɗa su, jirgi zai yi doguwar tafiya a ruwa mai sanyin hali, nesa da igiyar teku da jiragen yaƙin abokan gaba. Gaɓar Atilantika yake nufi, amma tunanin ya bi kudu. A 1824 kotun ƙoli ta tabbatar da cewa zirga-zirgar jirage tsakanin jihohi hurumin gwamnatin tarayya ne, kuma a shekarar ce aka fara ɗora wa Rundunar Injiniyoyin Soja aikin gyaran koguna. Har yau su ne ke riƙe da hanyoyin ruwan ƙasar, duk da cewa mafi yawan ma'aikatan wannan sashe fararen hula ne.

A gaɓar Tekun Meksiko aikin ya yi ta jan ƙafa. Jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace kasuwa, kuma kamfanoninsa ba su da dalilin maraba da kishiya. A 1905 'yan kasuwar Teksas da Luwiziyana suka kafa ƙungiya a garin Victoria don matsa wa majalisa lamba, saboda kuɗin dakon jirgin ƙasa ya ishe su. A 1925 aka amince da mashigi mai zurfin ƙafa 9 da faɗin ƙafa 100 daga Niyu Oliyans zuwa Galveston. Abin da ya kammala hujjar kuwa yaƙi ne. A 1942 jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka shigo Tekun Meksiko suna nutsar da tankokin mai, wasu a daf da bakin Misisipi. Nan take kowa ya ga amfanin hanyar da ke bayan tsibirai, aka ba da izinin faɗaɗa ta zuwa zurfin ƙafa 12 da faɗin ƙafa 125. A 1949 aka kai ta Brownsville a iyakar Meksiko. Tsawonta ya haura mil 1,000, kuma abin da ke bin ta galibi man fetur ne da sinadarai da takin zamani da tsakuwa da ƙarfe, a cikin jiragen dako marasa inji da ake kira baji, waɗanda ake ɗaure su ayari guda, ƙaramin jirgi mai ƙarfi yana tura su daga baya. Baji guda na yau da kullum yana ɗaukar tan 1,500. In tirela na ɗaukar tan 30, lodin tirela 50 ke nan a kan akwati ɗaya.

Wannan doguwar hanya kusan duk daidai take da teku, amma tana gittawa ta kan koguna da fadamu, kuma kowace mahaɗa da irin rigimarta. A Teksas, inda ta ratsa kogunan Brazos da Kolorado, an sa ƙofofi ne musamman don hana laka da yashin kogi cike mashigin. Faɗinsu ƙafa 75 ne kawai, ga ƙarfin kogi yana bugun ayari ta gefe, shi ya sa baji ke yawan gwabje su. A yammacin Luwiziyana kuma damuwar gishiri ce. Zauren Calcasieu, wanda aka kammala a 1950, da takwaransa na Leland Bowman, suna tsare ruwan daɗin kwarin Mermentau daga ruwan zartsi, domin da shi manoman shinkafa ke ban-ruwa. In aka tafka ruwan sama kwarin ya cika, manoma na so a bar ƙofofin a buɗe ruwa ya fice, matuƙa jirgi kuma na ƙorafin cewa gudun ruwan ya hana su wucewa. Ma'aikacin da ke zaune a ɗakin sarrafa ƙofa shi ne alƙalin wannan shari'a a kullum, kuma duk inda ya juya akwai mai jin haushinsa.

Babbar rigima dai tana Niyu Oliyans, inda hanyar ta gamu da Misisipi.

Faransawa sun kafa birnin a 1718 a wani siririn tudu tsakanin kogin da tafkin Pontchartrain, a inda 'yan asalin ƙasar suka saba sauke kaya daga wannan ruwa su ɗauka a ka zuwa wancan. Tafkin a haɗe yake da teku, don haka tsayin ruwansa kusan na teku ne. Kogin kuwa, wanda aka yi wa jinga hagu da dama, in ya cika da ruwan bazara yakan kai kusan ƙafa 17 sama da teku. Wanda ke tsaye a titi yakan ɗaga kai ne ya kalli jirgin da ke wucewa. In aka haƙa rami aka haɗa kogin da tafkin kai tsaye, Misisipi zai bi ramin ya kwashe gari. Saboda haka mashigan da aka fara haƙawa, na Carondelet a 1794 da wanda baƙin haure 'yan Ayalan suka haƙa a shekarun 1830, inda zazzaɓin shawara ya kashe da yawansu, duk daga tafkin suka taso suka tsaya a cikin gari, ba su taɓa kogin ba. Kusan shekara 200 ana mafarkin haɗa ruwan biyu.

Buɗe mashigin Fanama a 1914 ne ya zaburar da attajiran birnin. A shekarar jihar Luwiziyana ta ba hukumar tashar jiragen ruwa izinin haƙa mashigi mai zurfi, wanda za a jera masana'antu da wuraren ƙera jirage a bakinsa. Aka ɗauki kamfanin George Goethals, injiniyan da ya jagoranci aikin Fanama, ya zama mai ba da shawara. Aka fara haƙa a 1918. Wurin fadama ce: injinan haƙa suna cin karo da kututturan manyan itatuwa da suka daɗe binne, gefen rami yana zaftarewa, ƙasa ba ta riƙe nauyi, sai da aka kafa dubban turaku kafin a zuba kankaren zauren. Aikin ya ci kusan dala miliyan 20. Da aka gama, mashigin mai tsawon mil 5 da rabi, wanda ake kira Mashigin Masana'antu, ya haɗa kogi da tafki, zauren kuma yana tsaye a bakin kogin yana riƙe da Misisipi.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu. Na farko, layin da aka zaɓa ya bi ta tsakiyar Unguwa ta Tara, ya datse ta gida biyu. Ɓangaren da ke gangaren kogi, wanda daga nan aka san shi da Unguwa ta Tara ta Gangare, ya zama kamar tsibiri, ba a shiga gari daga can sai ta gada, gadar kuma ɗagawa take yi duk lokacin da jirgi zai wuce. Gadar St. Claude ma a jikin zauren take. Mazauna wajen masu ƙaramin ƙarfi ne, ma'aikatan tasha da masu aikin hannu, baƙaƙe da farare a farko, daga baya mafi yawa baƙaƙe. Fili na da araha, mutane suka gina gidajensu da hannunsu, har unguwar ta zama cikin waɗanda suka fi yawan masu mallakar gidan kansu a birnin. A can mawaƙi Fats Domino ya zauna, a can kuma, a 1960, 'yan mata uku baƙaƙe 'yan shekara 6 suka shiga makarantar McDonogh 19 ta farar fata da rakiyar jami'an tarayya.

Na biyu, zauren kogi kawai ya tare. Ta ɓangaren tafki mashigin a buɗe yake, wato an shigo da ruwan teku har tsakiyar gari. A daidai wannan zamani ne kuma manyan famfunan da A. Baldwin Wood ya ƙirƙiro suke tsotse fadamun bayan gari, ƙasar tana bushewa tana lotsawa, unguwanni suna sauka ƙasa da tsayin teku. Ruwan mashigi yana sama, gidaje suna ƙasa, tsakaninsu jinga da katanga.

Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ratso hanyar ruwan gaɓar teku ta cikin Mashigin Masana'antu, gwamnatin tarayya ta karɓi hayar zauren, daga baya a 1986 ta saye shi. Ginin da aka tsara don jiragen teku na zamanin 1920 ya wayi gari yana hidimar ayarin baji na ƙasa baki ɗaya. Duk ayarin da ya fi zauren tsawo ko faɗi sai an kwance shi, a shigar da shi kashi-kashi, a sake ɗaurewa a ɗaya gefen. Kowane zagaye kuma sai an ɗaga gada an tsayar da motoci. Jirage na iya jiran sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwana guda ko fiye.

Wannan jira yana da lissafi, kuma lissafin da muke yi ne a kan na'urorin da ke karɓar saƙonnin intanet. A mafi sauƙin misali, in ƙofa ɗaya ce kuma masu zuwa ba su da tsayayyen lokaci, matuƙar ƙofar na aiki rabin lokacinta, mai zuwa zai jira kimanin tsawon hidimar mutum ɗaya. In aikinta ya kai kashi 90 cikin 100, jiran ya zama na mutum 9. In ya kai 95, ya zama na 19. Layi ba ya tsawo a hankali, tashi yake yi farat ɗaya idan aka kusanci iyaka. Shi ya sa ƙarin jirage kaɗan, ko lalacewar ƙyaure na rabin yini, ke tara ayari har kwanar kogi. Kuma ƙofar ba ta da mataimakiya. In aka rufe ta don gyara, mai son bin ruwa mai kariya zalla sai ya haura Misisipi, ya shiga kogin Ohayo, ya gangaro ta Tenesi zuwa Mobile, zagayen da ya fi mil 1,000 nesa ba kusa ba. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan tsohon tsari: kowa ya dogara da shi, kowa na zaginsa, ba wanda ke da ƙarfin halin kashe shi.

Dokar 1956 da ta ba da izinin sabon zaure ta zo da wani aiki a haɗe, kuma wannan ɗin an yi shi. Mashigi ne mai tsawon mil 76 da aka tsaga ta cikin fadamun ƙaramar hukumar St. Bernard, daga Mashigin Masana'antu kai tsaye zuwa teku, don manyan jirage su huta da kwane-kwanen kogi. Sunansa a taƙaice MRGO, mutanen gari na ce masa Mista Go. An gama shi a shekarun 1960, kuma jiragen da aka yi hasashe ba su zo da yawan da aka ce ba. Abin da ya zo shi ne ruwan gishiri. Ya kashe dazuzzukan fadama da ke rage wa guguwa kaifi, igiyar jirage ta yi ta cin gaɓa har faɗin mashigin ya ninka a wurare da dama. Ga shi kuma a gabashin birnin ya haɗu da hanyar ruwan gaɓar teku, jingoginsu suka yi siffar mazurari, bakin mazurarin yana kallon teku, tsininsa yana zuba cikin Mashigin Masana'antu.

A watan Satumba na 1965 guguwar Betsy ta turo teku ta wannan hanya. Jingar mashigin ta ɓalle, ruwa ya kai rufin gidaje a Unguwa ta Tara ta Gangare, mutane suka mutu a saman silin ɗakunansu. Shugaba Lyndon Johnson ya zo ya gani da idonsa, majalisa ta amince da gagarumin aikin kariya. Shekara 40 bayan haka ba a kammala shi ba.

Mutanen unguwar da yawa sun yi imani cewa da gangan aka fasa jingar don a ceci unguwannin masu kuɗi. Binciken injiniyoyi bai nuna haka ba, amma zargin yana da uwa. A ambaliyar 1927, manyan masu banki da 'yan kasuwar birnin sun sa an fasa jingar kogi da nakiya a Caernarvon, aka nutsar da St. Bernard da Plaquemines, aka raba kimanin mutum 10,000 da muhallinsu, diyyar da aka yi alkawari kuma ba ta taka kara ta karya ba. Daga baya ta bayyana cewa ko ba a fasa ba birnin zai tsira, don jingogi sun riga sun ɓalle can sama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda zai fahimci dalilin da sabon zaure ya gagara ginuwa sai ya fara daga nan.

Da farko an so a kai shi Violet, can gangaren kogi a St. Bernard. Mutanen can, da suka ga abin da Mista Go ya yi wa fadamarsu, suka ce atafau. A 1977 gwamnatin Jimmy Carter ta mai da hankali kan tsohon wurin, da sharaɗin a kauce wa tashin mutane gwargwadon iko. Tsare-tsaren farko da za su rushe gidaje suka gamu da turjiya. A ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyi suka fito da wata dabara: a ƙera sassan zauren a wani wuri, a jawo su a kan ruwa, a nutsar da su a tsakiyar mashigin, ba tare da rushe gidan kowa ba. Tsawonsa zai kai ƙafa 1,200, faɗi 110, zurfi 36. Mazauna suka ce sun ji, amma shekaru nawa za su yi cikin ƙarar buga turaku da rufe gadoji? Ina za a zuba lakar ƙasan mashigin, wadda ta sha dattin masana'antu na shekara 70? Sannan sabon wurin ya fi tsohon nisa daga kogi, ma'ana za a ƙara shigo da tudun ruwan Misisipi cikin unguwa. A ganinmu wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma amsar da ake ba su, cewa za a gina katanga mai ƙarfi, ita ce amsar da aka ba iyayensu. Ƙungiyar mazauna Holy Cross da masu kare muhalli suka shigar da ƙara.

Ana cikin shari'ar ne Katrina ta iso, ranar 29 ga Agusta, 2005. Toroƙon teku ya cika mashigin, katangar gabas ta karye a wuri biyu. Ruwan ya tumɓuke gidaje daga tushensu, ya kwashe layi-layi na unguwar. Wani ƙaton baji da ya tsinke ya bi ta ɓarakar ya sauka a kan gidaje, hotonsa ya zagaya duniya. Kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, saboda wasu katangun ma sun faɗi a wasu magudanan, kuma fiye da mutum 1,000 suka rasu. Fats Domino da kansa a kwale-kwale aka fito da shi. Ƙidayar 2000 ta sami kimanin mutum 14,000 a Unguwa ta Tara ta Gangare. Ta 2010 ba ta sami 3,000 ba.

Shi kuwa tsohon zauren, wanda takardun gwamnati suka daɗe suna kira tsohon yayi, ya riƙe kogin bai saki ba.

Kotuna sun yi ta juya maganar. An yanke cewa ba bajin ne ya fasa katangar ba, ɓarakar ce ta zuƙo shi. A Nuwamban 2009 alƙali Stanwood Duval ya sami Rundunar Injiniyoyi da sakaci wajen kula da Mista Go, hukuncin da mutanen St. Bernard da Unguwa ta Tara suka ɗauka a matsayin gaskiyarsu ta fito. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi, bisa hujjar cewa doka ta kare hukumar gwamnati daga biyan diyya kan shawarar da ta yanke cikin hurumin ganin damarta. Ba a musanta ɓarnar ba, an dai ce ba mai biya. A ɗaya ɓangaren, alƙali Eldon Fallon ya dakatar da aikin sabon zaure a 2006, ya sake dakatar da shi a 2011, duka biyun saboda nazarin illar muhalli bai gamsar ba.

Abin da aka ƙi yi cikin shekara 40 sai ga shi an yi cikin 'yan shekaru. A 2009 aka toshe Mista Go da tulin duwatsu. Aka gina katanga mai tsawon kusan mil 2 a bakin mazurarin nan, wadda ta ci fiye da dala biliyan 1, da ƙofofin da jirage ke bi a rufe su in guguwa ta doso. Aka sa wata ƙofar a Seabrook, inda mashigin ya haɗu da tafki. Wato sai bayan shekara kusan 90 aka yi wa Mashigin Masana'antu ƙyaure ta ɓangaren teku. Wannan ya ƙara wa masu kula da hanyar aiki: kafin guguwa dole a fitar da jirage da baji daga cikin mashigin, a san sa'ar da za a rufe kowace ƙofa, don wanda aka rufe a waje ya shiga uku, wanda aka bari a ciki kuma zai iya tsinkewa ya doki katanga.

Toshe Mista Go ya kuma rushe hujjar gina zaure mai zurfi, tunda manyan jiragen teku ba su da sauran dalilin bi ta nan. Ya kuma ɗauke gajeriyar hanyar kaucewa da baji ke bi in an rufe zauren, tsohon ya ƙara zama tilas. A 2017 injiniyoyi suka fito da tsari mai sauƙi, na baji zalla: tsawo ƙafa 900, faɗi 110, zurfi 22. Mazauna suka sake cika ɗakunan taro da tambayoyinsu na da.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba ta cika fitowa a hotuna ba. Ba a biyan kuɗin wucewa a wannan zaure. Kula da shi daga baitulmali ake yi. Sabon gini kuwa ana haɗa kuɗinsa ne da wani asusu da doka ta kafa a 1978, wanda ake tarawa daga harajin man da jiragen dako ke sha. Harajin ya tsaya a santi 20 kan kowace galan daga 1995, tsawon shekara 20, farashin siminti da ƙarfe na hawa, har sai da kamfanonin jiragen da kansu suka roƙi a ƙara musu, aka mai da shi santi 29 a 2015. A tsakanin nan wani aiki guda, madatsar Olmsted a kogin Ohayo, wadda kuɗinta ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 3, ya lanƙwame mafi yawan abin da ke asusun, sauran ayyuka suka bi layi. Zaurukan ma ashe layi suke bi.

Wanda ke cin ribar faɗaɗa zauren yana warwatse a jihohi da dama: matatar mai a Teksas, masana'antar sinadarai a Alabama, mai sayen fetur a arewacin Fulorida da ba zai taɓa sanin an rage masa 'yan santi ba. Wanda zai ɗauki ƙura da ƙara da haɗarin kuwa yana zaune a 'yan layuka ƙididdigaggu, ya san sunan kowane maƙwabcin da ruwa ya ci. Takardar lissafin riba da asara da Rundunar Injiniyoyi ke aiki da ita tana tara na farkon ta cire na biyun a shafi guda, ta fitar da lamba ɗaya. Mun saba ganin irin wannan lamba a aikinmu, matsakaicin da ke nuna komai lafiya alhali duk nauyin ya taru a kan mutum ƙalilan, kuma ba mu ga laifin wanda ya ƙi yarda da ita ba.

A watan Mayun 2023 zauren ya cika shekara 100, ba a gina magajinsa ba. Lokaci-lokaci akan toshe bakinsa biyu, a tsotse ruwan ciki, ma'aikata su sauka ƙasan kankaren da aka zuba tun zamanin Goethals su gyara ƙyaure da kafofin ruwa. Wasu sassan injinan ba kamfanin da ke yin irinsu yanzu, sai dai a auna tsohon a ƙera sabo. In an gama a sake cika shi, ayarin da suka taru a kogi su fara shiga ɗaya bayan ɗaya, gadar St. Claude ta ɗaga, motocin masu komawa Unguwa ta Tara su kashe inji su jira.